Fashin Baƙi: Ta Ina Ruwa Ke Shiga Kan A-kori-kura a Daminar Legas?

An rufe ƙofofi ruf, an zuge gilasai har sama, mota ta kwana a ƙofar gida, amma da safe direba ya sa ƙafa ya ji kafet ya jiƙe sharkaf. Ta ina ruwan ya bi? Da zarar damina ta kankama, wannan tambaya ce ke yawo a bakin masu a-kori-kura da ke ɗaukar tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, da masu jigilar kaya a Agege da Alaba Rago, har da direbobin Hilux na kamfanoni a Apapa. Amsar da aka fi ji ita ce: "Alhaji, ai gilashin gaba ne, a sa masa silikon." Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Inda ruwa ya kwanta daban, inda ya shigo daban, kuma wani lokacin ruwan ma ba daga sama ya zo ba.

Kan mota ba gwangwani ba ne

Kan mota shi ne ɗakin da direba da fasinja ke zama, wanda a a-kori-kura yake zaman kansa, a rabe da bodin ɗaukar kaya. Mutane da dama na ɗauka an ƙera shi ne a toshe ta ko'ina yadda ɗigon ruwa ba zai ratsa ba. Ba haka abin yake ba. Masu ƙera mota sun san ruwa zai shiga wasu wurare, don haka suka yi masa hanyoyin fita. Ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilas a kowane ruwan sama, ya gangara, ya fice ta ƙananan ramuka a gindin ƙofar. Yana zuba cikin kwarmin da ke ƙarƙashin waifa, ya fita ta magudana biyu a bayan tayoyin gaba. Motar da ke da tagar rufi tana da siraran tiyo, yawanci huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Galibin abin da ake kira yoyo, toshewar waɗannan magudanai ne ko yagewar abin da ke tsare ruwan a kan hanyarsa.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne tafiyar ruwa. Ɗigon da ya shigo ta bayan rufi zai iya bin saman silin, ya sauka ta ginshiƙin ƙofa, ya bi kwarin wayoyi da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, ya je ya taru a ƙafar direba. Tsakanin mashiga da makwanci ana iya samun tazarar fiye da mita ɗaya. Kuma a ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke shanye lita da yawa kafin saman ya nuna alama. Ranar da ka ga jiƙa, mai yiwuwa an yi makonni ana ɗiga.

A fara da sanin wane ruwa ne

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, a dangwali ruwan da farin tishu, a duba launi, a shinshina, a murza tsakanin yatsu.

Ruwan sama fari ne, ba wari, kuma yana bayyana bayan ruwa ko wankin mota. Ruwan esi ma fari ne tas, sai dai shi ba ruwansa da hadari: yana zuwa ko rana ake ƙwallawa, kusan kullum a ƙafar fasinjan gaba, wato hannun dama a motocinmu masu sitiyari a hagu. Na'urar sanyaya mota tana tatsar laima daga iska, ruwan ya taru a wani akwati a bayan dashbod, ya fita ta wani ɗan gajeren tiyo na roba zuwa ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A kunna esi na minti 15 mota na tsaye, a leƙa ƙarƙashinta ta ɓangaren fasinja. In ba a ga ɗiga a ƙasa ba, ruwan yana nan ciki. Wata alamar ita ce jin motsin ruwa a bayan dashbod lokacin shan kwana, ko ruwa mai sanyi ya zubo wa fasinja a ƙafa.

Na uku shi ne ruwan lagireto. A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto na hita da ruwan injin ke ratsawa. In ya huje, ruwan da zai zubo yana da santsi, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, launinsa kore ko ja ko ruwan hoda, kuma gilashin gaba kan yi wani hazo mai maiƙo daga ciki. Amma a lura: da yawa a nan ruwan famfo zalla ake ɗura wa lagireto, don haka abin da za a gani shi ne ruwa mai jan tsatsa. Abin da ke tabbatarwa shi ne raguwar ruwa a robar ajiya da ke cikin bonet, a duba ta injin na sanyi. Kada a kuskura a ɗanɗana, guba ne.

Na huɗu ruwan ambaliya, mai laka da warin kwata. Shi ba sai an yi bincike ba, direba ya san inda ya kutsa.

Me ya sa Legas ta fi tona asiri

Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500. Yana da zango biyu: daga Afrilu zuwa Yuli, da ƙarfinsa a Yuni, sai ɗan sarari a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Laimar iska kan wuce kashi 80 cikin 100 a wannan lokaci, abin da ya jiƙe ba ya saurin bushewa, esi kuma na tatsar ruwa babu ƙaƙƙautawa a cunkoson gadar Third Mainland ko hanyar Apapa zuwa Oshodi. Ga iskar teku mai gishiri da ke hanzarta tsatsa.

Akwai kuma abin da ya shafi motocin da suka yi rayuwarsu a Arewa. Motar da ta shekara biyar a Kano ko Sakkwato ba ta taɓa ɗiga ba, sai ta iso Legas ta fara. Zafin rana ya riga ya ƙona robobinta sun sandare sun tsattsage, ƙurar hunturu ta cika magudananta. Ruwan farko ya kwaɓa ƙurar ta zama laka, ta toshe ramukan. Matsalar tana nan tuntuni, ruwan da zai fallasa ta ne bai samu ba.

Mashigan ruwan sama, daga gaba zuwa baya

Kwarmin waifa shi ne na farko da ya kamata a zarga, musamman ga motar da ke kwana a ƙarƙashin bishiya. A cikinsa ne bakin iskar da fankar mota ke zuƙa yake. Ganye, ledar ruwa da laka suka toshe magudanarsa, ruwa zai cika ya tumbatsa ta wannan bakin, ya bi ta fanka ya sauka a ƙafar fasinja. In motar na da matatar iska a bayan akwatin dashbod, a zaro ta. In ta jiƙe ko ta yi tabon ruwa, an kama ɓarawo.

Sai bangon da ya raba injin da kan mota. Wayoyi, sandar sitiyari, igiyar buɗe bonet da tiyon hita duk suna ratsa shi ta cikin zoben roba. A nan hannun mutane ya fi ɓarna. An sa tiraka, wato na'urar bin sawun mota, an sa jiniya, an ja waya mai kauri daga batir zuwa amfilifaya, mai wayarin ya soke robar da sukudireba ya zura wayarsa ya tafi. Ruwan da ke gangarowa daga kwarmin waifa sai ya hau wayar kamar gada ya shigo. Waya mai ratsa bango ana so ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, don ɗigo ya faɗi a waje.

Gilashin gaba yana yoyo, amma kusan sai wanda aka taɓa canzawa. Na asali daga masana'anta da wuya ya saki haka kawai. Alamarsa tabo a gaban silin ko jiƙa a ginshiƙan gefe.

Ƙofa tana da abubuwa uku. Robar da ta zagaye ta ana gwada ta da takarda: a maƙale takarda a rufe ƙofa a ja, in ta zare ba turjiya, robar ba ta kama wurin ba, ko kuma ƙofar ta sauka saboda lalacewar hinji. Ramukan gindi kuma a zura musu tsinke, wani lokacin sai ka ga ruwa ya tsiyayo kamar an buɗe famfo. Na ukun shi aka fi mantawa: ledar da ke manne a bayan marfin ƙofa na ciki. Aikinta ta mayar da ruwa cikin ƙofar. Duk wanda ya gyara injin gilas ko ya canza sifika ya yage ta ya yar, ya buɗe hanya daga ƙofa kai tsaye zuwa kafet.

A rufi akwai gindin eriya, da ramukan da aka huda don fitila ko ƙarfen ɗaura kaya, da kuma dogayen haɗin ƙarfe biyu da baƙar roba ta rufe daga gaba zuwa baya. Gam ɗin da ke wannan haɗi yana tsagewa da tsufa, tsagar ba ta wuce silin gashi ba amma ta isa.

Bangon baya shi ne abin da ya bambanta a-kori-kura da ƙaramar mota, kuma shi ne wurin da aka fi tsallakewa don kujera ta rufe shi. Fitilar birki ta sama, a motocin da take manne a bayan rufi kamar Ford F-150 da Tacoma, tana zaune ne a kan siririn soso. Rana ta cinye sosan, ruwa ya shiga ta ramin waya da na sukuru, ya jiƙa bayan silin ya gangara bayan kujera. Gilashin baya mai zugewa yana da kwari da ƙananan ramukan fitar ruwa da ƙura ke cikewa. Sannan akwai tagogin numfashi: wasu 'yan akwatunan roba masu marfi a jikin bangon, a ratar da ke tsakanin kai da bodi, waɗanda ke fitar da iska in an rufe ƙofa. Marfin ya maƙale a buɗe ko robar gefensu ta saki, ruwan da ke kwararowa daga rufi ta wannan rata zai shiga. Wanda ya ɗora rumfa ko tamfol a bodi ta yadda ruwa ke zubowa cikin ratar ya ƙara wa abin ƙarfi.

A ƙarshe, daɓen motar yana da toshe-toshen roba. Ɗaya ya faɗi, duk kududdufin da aka taka zai watso ciki. Wannan yoyon sai ana tafiya yake bayyana.

Yadda ake bin sawun ɗigo

Aikin mutum biyu ne, da mesa, tocila, tsohuwar jarida, alli ko hoda, salatif mai faɗi, da haƙuri na awa 2 zuwa 3.

Tukuna a tattara shaida. Da ruwan sama abin ke faruwa ko da esi? A tsaye ko a tafe? Gaban motar na kallon gangare ko tudu a inda take kwana? Motar da ke jiƙewa sai in hancinta ya yi ƙasa, a nemi matsalarta a baya ko a rufi, ruwan gangarowa yake yi. Wane aiki aka yi mata na ƙarshe, fenti ko gilas ko waya?

Daga nan a tuɓe ciki. A cire shimfiɗun ƙafa, robobin dokin ƙofa, marfin gefen ƙafa, a kwantar ko a cire kujerar baya, a ɗaga kafet har a ga ƙarfe. In za a cire kujerar gaba, a fara cire kan batir na nagatif a jira minti kaɗan, saboda rawayen soket da ke ƙarƙashinta na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari. A goge ko'ina ya bushe, sannan a haska tocila a nemi tsohon sawu: layin ƙura da ruwa ya wanke, jan zare na tsatsa, kan noti guda da ya yi ja alhali 'yan'uwansa na ƙyalli. A shimfiɗa jarida a daɓe, a barbaɗa hoda ko a goga alli a ginshiƙai da bangon baya. Ɗigo ɗaya ya wuce, zai bar hanya a fili.

Yanzu mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila a rufe shi, ɗayan ya riƙe mesa. Ga ƙa'idar da duk aikin ya rataya a kanta: daga ƙasa ake farawa a yi sama, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, minti 5 zuwa 10 kowane wuri. A fara da gindin ƙofa, sai gefen gilashin ƙofa, sai kwarmin waifa, sai ƙasan gilashin gaba, gefensa, samansa, sai ratar bayan kai, gilashin baya, fitilar birki, rufi a ƙarshe. Wanda ya fara da rufi ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai taɓa sanin wanne ne ya ɗiga ba. Ruwan ya riƙa zuba a hankali kamar na sama. Injin feshi na wurin wankin mota yana tura ruwa ta robar da ba ta da laifi, sai ya sa a kashe kuɗi a banza.

Na ciki ya ga ɗigo, ya buga gilas a tsaya. A bi ɗigon da ido zuwa sama har inda ya ɓace. Don tabbatarwa, a goge, a rufe wurin da ake zargi da salatif daga waje, a sake zuba ruwa. In ɗiga ta tsaya, a ɓare salatif ɗin a sake gwadawa. In ta dawo, magana ta ƙare. Kada a tsaya a nan, a ƙarasa sauran wuraren, domin tsohuwar mota kan haɗa yoyo biyu ko uku.

Akwai wata dabara ga gilas da haɗin rufi. A toshe tagogin numfashi da salatif, a rufe ƙofofi, a kunna fanka a lamba ta ƙarshe tana zuƙo iskar waje, sannan a shafa ruwan sabulu mai kumfa a gefen gilas daga waje. Inda iska ke fita zai yi ta hura ƙwai-ƙwai. Inda iska ta fita, nan ruwa ke shiga.

Saɓanin masu gyara, da batun silikon

Mai gilas zai ce gilas ne, mai esi ya ce esi ne, fanal bita ya ce a kankare a yi fenti. Ba lallai ha'inci ba ne, kowa abin da ya saba gani yake faɗa. Mai mota kuma yakan ɗora wa direba cewa ya bar gilas a buɗe, ko ya zargi yaran wanki. Gwajin mesa a gaban kowa shi ke raba wannan gardama, kuma bai kamata a biya kuɗin gyaran yoyon da ba a nuna wa mai mota da idonsa ba.

Masu goyon bayan silikon suna da hujja: yana da araha, ana samunsa ko'ina, mota ta koma aiki a ranar. Ga mai neman na cefane, yini guda a gareji asara ce. Amma silikon na gini, mai warin tsami, yana fitar da asid lokacin bushewa, yana cin ƙarfen da fentinsa ya kwaile. Ba ya daɗewa a kan tsohon gam, yana ɓoye ruwa a ƙarƙashinsa, kuma duk inda ya taɓa, fenti da gam na gaskiya ba sa kamawa sai an sha wahalar kankara. Mafi muni shi ne a toshe ramin magudana da shi da sunan an ga rami. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kowane wuri da maganinsa. Gilashin gaba cire shi ake yi, a yanke tsohon gam a bar kaurin milimita 1 zuwa 2, a kankare tsatsa a shafa fentin share-fage, a zuba baƙin gam na foliyuretan a layi ɗaya marar yankewa. Bayan nan a bar gilashin ƙofa a ɗan buɗe, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a wanke motar sai bayan awa 24 zuwa 48. Wannan gam ɗin ba don ruwa kaɗai ba ne, shi ke riƙe gilas in an yi haɗari, jakar iskar fasinja ma a jikin gilashin take dogara in ta fashe. Ledar ƙofa ana mayar da ita da baƙin danƙo na butil. Fitilar birki sabon soso take so, kuma kada a matse sukurunta har robar ta tsage. Haɗin rufi a tone tsohon gam a sa gam ɗin haɗin bodi. Tiyon esi da na tagar rufi a zura musu igiyar roba mai ɗan tauri a hankali, amma iska mai ƙarfi daga kwamfaresa tana iya fizge tiyon daga mazauninsa a cikin silin, a koma gidan jiya da ƙari. Robobi da tagogin numfashi ana samunsu a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, sai dai a matsa na hannu a gani, in ya sandare bai fi wanda aka cire ba.

Hitar da ta huje kuwa, makanikai kan haɗe tiyonta biyu a cikin bonet a kewaye ta. Ɗiga za ta tsaya, kuma a zafin Legas ba wanda ke kewar hita, amma an rasa iska mai ɗumi da ke taimakawa wajen share hazon gilas.

Motar da ta taɓa nutsewa

Wani warin laimar tare da mota aka sayo shi. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na jihar Texas, inda a-kori-kura ke da yawa, kuma irin waɗannan motoci kan bi ta gwanjon inshora a Amurka su watsu a duniya. A cikin gida ma, ruwan ranar 3 ga Yuli 2024 ya shanye tituna a Legas, har da Iyana-Oworo. Mai sayen tokumbo ko ta hannu ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya nemi layin laka, ya leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai, ya shafa bayan dashbod ya ji ko akwai busasshen yashi, ya kuma bincika tarihin motar da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17.

Abin da jiƙaƙƙen kafet ke jawowa

Wari shi ne mafi ƙanƙanta. Fumfuna kan fara kama soso cikin kwana 1 zuwa 2, kuma direban da ke yini a rufe da esi shi ke shaƙa, abin ya fi tsanani ga mai asma. Gilas na yin hazo daga ciki da asuba, a daidai lokacin da ake fita kasuwa. A ƙarƙashin kafet ɗin nan ne manyan damin wayoyi ke kwance, akwatin fis da ƙwaƙwalwar mota a yawancin motoci suna gefen ƙafa ko bayan dashbod, na'urar jakar iska kuma tana tsakiyar daɓe. Soket ya yi koren tsatsa, sai a fara ganin abin mamaki: fitilar gargaɗi na kunna kanta, makullin ƙofofi na aiki shi kaɗai, batir na mutuwa cikin dare, mota ta ƙi tashi yau ta tashi gobe. Mai wayarin zai yi ta canza kaya alhali tushen yana ƙarƙashin ƙafarsa. In aka shekara a haka, daɓen ne zai ruɓe, kuma farashin motar ya faɗi ranar sayarwa.

Bayan an toshe yoyo, kafet da sosonsa fitar da su ake yi gaba ɗaya, a matse, a shanya kwana 2 zuwa 3, in ba rana a sa musu fanka a rumfa. Sosan da ya sha ruwan kwata ko ya yi baƙi a yar da shi a sa sabo. A goge daɓe, a kankare tsatsa a shafa fenti, a buɗe kowane soket da ruwa ya taɓa a fesa masa maganin wanke soket a bar shi ya bushe. Kada a huda daɓe don ruwa ya fita, toshe-toshen roba na nan, a cire ɗaya a tsiyaye a mayar. Sannan kada a yi gaggawar mayar da kafet: a shimfiɗa jarida a kan ƙarfen, a bar motar ta sha ruwan sama mai ƙarfi sau biyu, sau ɗaya hancinta a gangare, sau ɗaya a tudu. In jaridar ta fito a bushe, sai a mayar da kaya.